NAS MAI DUBA MARASA LAFIYA

 

Yau maganarmu a kan mutumin nan ce da kuke tararwa zaune bayan tebur in kun je ɗakin shan magani na garinku. Kukan ce masa likita, shi kuwa yakan amsa don kada ya ba ku kunya, amma galibi ba likita ba ne. Ko dai nas ce, ko ungozoma, ko malamin lafiya. Likita yana can babban asibiti, wataƙila tafiyar rabin wuni daga inda kuke. To, tun da yake ran ɗanka da na matarka a hannun wannan ma'aikaci kake sa su, ya kamata ka san abin da aka koya masa, da inda saninsa ya tsaya, da yadda za ka rarrabe wanda ya koyi aikin da wanda ya sayi farar riga a kasuwa. In kuma kana da ɗiya ko ɗa mai sha'awar aikin, ka kasa kunne, akwai rabonka can gaba.

Bari mu fara da wani labari daga nesa.

In an ambaci Amurka, mutum sai ya zaci kowane lungu akwai likita. Ba haka ba ne. Su ma suna da ƙauyuka a cikin duwatsu da gonaki masu nisa, inda likita ba ya son zama. A jihar Kwalarado an yi wata nas, sunanta Loretta Ford, wadda ta yi shekaru tana yawon ƙauyuka tana duba jarirai da 'yan makaranta. Ta lura yawancin abin da ake kawo mata, watau tari da zawo da ciwon kunne da ƙuraje, ba su fi ƙarfin nas ba in da an ƙara mata ilmi aka kuma ba ta izini. Amma a lokacin aikin nas shi ne ta jira likita ya faɗa, ita ta aikata. A shekarar 1965 sai ita da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas a Jami'ar Kwalarado, suna ɗaukar nas waɗanda suka riga suka ƙware, suna koya musu yadda za su tambayi mara lafiya, su duba jikinsa, su gane cutar, su ba da magani da kansu. Wadda ta gama wannan kwas ita ce Turawa ke kira nas firaktishina. Mu a nan za mu ce mata nas mai duba marasa lafiya.

Ba a karɓi abin hannu biyu ba da fari. Waɗansu likitoci suka ce an shigar musu gona. Abin mamaki, har waɗansu shugabannin nas ɗin ma suka ƙi, suka ce ai wannan mai da nas ƙaramin likita ne, an raba ta da aikinta na jinya. Da gardama ta yi yawa sai aka koma ga gwaji. A wani gari da ake kira Balintin, a ƙasar Kanada, aka raba iyalai kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗansu likita ke duba su, waɗansu nas. Bayan shekara guda aka auna lafiyarsu, ba a sami bambanci ba. An kuma ga cewa cikin kowane zuwa uku da mutane suka yi, nas ta gama da biyu ita kaɗai, na ukun ne ta nemi shawarar likita. An buga wannan sakamako a 1974. Ku riƙe wannan lissafi na biyu cikin uku, za mu komo kansa.

Daga nan aikin ya yaɗu. A 2023 masu lasisin wannan aiki a Amurka sun haura 385,000, kuma a fiye da rabin jihohin ƙasar doka ta yarda su duba mutum su rubuta magani ba sai likita ya sa hannu ba. Ingila da Kanada da Ostireliya suna da irinsu. A Afirka ƙasar Botsuwana ta daɗe tana horar da su, a Ghana kuma akwai jami'a a Tamale da ke koyar da aikin. Ita Loretta Ford ta ga abin da ta shuka ya yi 'ya'ya, don sai a 2025 ta rasu, tana da shekara 104.

A ƙasarmu ba a cika jin wannan suna ba, amma aikin kun san shi, don shi ne ake yi muku kullum a ɗakin shan magani. Saboda haka abin da ake bukata ga nas mai duba marasa lafiya a can, shi ne ma'aunin da za ku riƙa auna naku da shi.

To, me ake bukata ta sani?

Abu na fari, wanda mutane suka fi rainawa, shi ne tambaya. Kafin ta taɓa ka, kafin ta buɗe kwalba, sai ta tambaye ka. Yaushe ciwon ya fara? A ina yake? Da dare ya fi tsanani ko da rana? Me ka ci, me ka sha? Akwai wani a gidan da ke da irinsa? Wane magani ka riga ka sha? Na sani waɗansunku wannan tambaya tana ba su haushi. Mutum yakan ce, na zo a ba ni magani an tsare ni da tambaya kamar gaban alƙali. Ka yi haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma malaman likitanci sun daɗe da sanin cewa yawancin cututtuka daga bakin mara lafiya ake fara gane su, awo yakan zo ne ya tabbatar. Ga misali. Mutum biyu sun zo da tari. Ɗaya tarinsa kwana uku ne, da mura. Ɗaya ya wuce mako biyu, yana gumi da dare, yana ramewa. Na farin hutu da ruwan ɗumi sun ishe shi. Na biyun tilas a auna majinarsa, don ana tsoron tarin fuka, wanda maganinsa wata shida ne ba fashi. In ba a tambaya ba, duka biyu kwalba ɗaya za a miƙa musu, na biyun ya koma gida yana ta rarraba wa 'ya'yansa cuta.

Kuma don Allah, in ta tambaye ku ko kun sha jiƙo, ko kun je wurin wanzami, ko kun sayi ƙwaya a hannun mai talla, ku faɗi gaskiya. Ba don ta yi muku faɗa take tambaya ba. Akwai magungunan da ba sa shiri da juna a cikin jiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu shi ne duba jiki, da ido da hannu da kunne. Wannan shi ne babban abin da Ford da Silver suka ƙara wa nas. A ce uwargida ta kawo yaro ɗan wata takwas yana tari, jikinsa da zafi. Nas da ta san aikinta ba za ta dube shi daga nesa yana goye ba. Za ta ce a kwance shi, a ɗaga rigarsa, a bari ya natsu. Sa'an nan ta dubi agogo ta ƙidaya numfashinsa minti guda cur. Ga yaron da ke tsakanin wata 2 da shekara guda, in numfashi ya kai 50 a minti ɗaya, ya yi sauri. Daga shekara guda zuwa 5, in ya kai 40. Jariri kuwa da bai kai wata 2 ba, 60. Numfashi mai sauri tare da tari alama ce ta ciwon huhu, ba mura ba, kuma ciwon huhu yana cikin manyan masu kashe yara ƙanana. Za ta kuma duba ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi. Za ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta ga ko ta yi fari, ta dubi tafin hannunsa, don ta san ko jini ya ragu. Za ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, in ba ta koma da sauri ba, ruwan jikinsa ya ƙare. Za ta ɗaura ɗan tsiri mai launi a damtsensa, in bai kai santimita 11 da rabi ba, ya faɗa ja, watau tamowa mai tsanani. Duk wannan bai fi minti biyar ba, kuma ba ya bukatar lantarki ko wata na'ura mai tsada. Ilmi yake bukata da haƙuri.

Ga manya kuma akwai awon jini da ake ɗaura wa hannu. In ya kai 140 bisa 90, aka sake aunawa wata rana aka same shi haka, to hawan jini ne, ko da mutum yana jin kansa garau. Ga mace mai ciki wannan awo ba abin wasa ba ne, za mu zo kansa.

A nan ina da magana da magidanta. Waɗansu ba sa yarda a buɗe jikin matarsu, sai su ce a ba da magani kawai. In ma'aikacin namiji ne, kana da iko ka nemi mace, ko ka nemi wata 'yar'uwa ta tsaya a ɗakin. Wannan haƙƙinku ne, ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Amma a hana dubawa ɗungum, sa'an nan a ce a ba da magani, daidai yake da a rufe wa mutum ido a ce ya ɗinka riga.

Na uku, ta san yadda cuta ke aiki a cikin jiki, don ta iya rarrabe masu kama da juna. Ku ɗauki zazzaɓi. Mu nan kowane zafin jiki mun ɗora wa sauro. Alhali zafin jiki ba cuta ba ne, ƙara ce jiki ke kawowa. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, yana iya zama taifot, ko ƙyanda tana shirin fitowa, ko ciwon kunne, ko ciwon mafitsara, ko kuwa sanƙarau, musamman da bazara. Nas da aka horar tana da jerin waɗannan a kanta, tana cire su ɗaya ɗaya. Za ta lanƙwasa wuyan yaro ta ji ko ya sanƙare. Za ta leƙa kunne da maƙogwaro. Za ta soki yatsa ta ɗiga jini a ɗan katakon roba na gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 ya nuna ko akwai ƙwayar cutar sauro. In gwaji ya ce babu, ta ƙi ba ku maganin sauro, kada ku ce rowa ta yi. Neman ainihin cutar take yi. Wanda ya ba mai sanƙarau maganin sauro ya sallame shi gida, bai taimake shi ba, ya ɓata masa kwana biyun da za a iya ceton ransa.

Na huɗu, sanin magani. Ba sunansa kaɗai ba, kowa ya iya haddace suna. Ta san nawa za a ba wa, da sau nawa, da kwana nawa, da wanda ba a ba. Maganin yaro bisa nauyinsa ake ba shi, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli. Maganin sauro na yanzu sau biyu ake sha a rana har kwana uku, ko da jiki ya yi sanyi tun ranar farko. Gishirin zawo ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Akwai magungunan da ba a ba mai ciki don suna taɓa abin da ke cikin, akwai waɗanda ba a ba mai gyambon ciki, akwai waɗanda in an ba wani sai jikinsa ya kumbura numfashi ya sarƙe, kuma dole ta san abin da za ta yi nan take in haka ta faru.

Sanin magani ya haɗa da sanin ranar da ba a ba da shi. A ganina nan ne ake gane gwani. Mura ba ta jin kafso, wata irin ƙwayar cuta ce ke kawo ta wadda kafso ba ya kashewa. In ana shan kafso ba dalili, ƙwayoyin cuta sukan saba da shi, ranar da aka bukace shi da gaske sai a tarar ya daina ci. Haka kuma allura. Mutanenmu suna ƙaunar allura, har wani in ba a soke shi ba sai ya ce ba a duba shi ba. Yawancin cututtuka ƙwaya tana yi musu abin da allura za ta yi, ba tare da haɗarin ƙurji ko taɓa jijiyar ƙafar yaro ba. Nas da ta hana ka allurar da ba ka bukata ta fi ƙaunarka bisa wanda ya soke ka don ya karɓi kuɗi.

Yanzu mu komo kan lissafin nan na biyu cikin uku. Na ukun fa? Wannan shi ne abu na biyar, kuma in da za a ce in zaɓi ɗaya tak, shi zan zaɓa: ta san iyakarta.

Nas mai duba marasa lafiya ba likita ba ce, ba ta kuma ce ita likita ce ba. Ba ta yin babbar tiyata. Akwai cututtukan da ɗakin shan magani ba shi da kayan aikinsu, ko da likita ne zaune a ciki. Saboda haka ana koya mata alamun haɗari har su zauna mata kamar sunanta. Ga yaro: in ya kasa shan nono ko ruwa, in yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, in yana taune-taune, in ya yi laushi ba a iya tashe shi. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu tare da hawan jini, jijjiga, naƙudar da ta kwana ta wuni ba haihuwa. Ga kowa: ciki ya ƙulle ya yi tauri kamar katako, ko wuya ya sanƙare, ko gefen jiki ya mutu farat ɗaya. In ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, aikinta ta ba da taimakon farko, kamar allurar farko ta maganin sauro mai tsanani, ko allurar tsayar da jijjiga, ko ƙarin ruwa, ta rubuta takarda, ta ce ku tafi babban asibiti yanzu.

Jama'a, in an ba ku wannan takarda, ba kora ba ce, ba kuma kasawa ba ce. Na san abin da ke zuwa zuciyar maigida: kuɗin mota, kuɗin gado, wa zai kula da gona, wa zai zauna da sauran yara. Sai a ce bari a koma gida a yi shawara, a ga abin da gobe za ta yi. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Ba ta da gobe. Shawarar da za a yi, a yi ta tun ciki yana ƙarami: a san motar wa za a nema ko da tsakar dare, a ajiye ɗan abin da aka samu daga kaka, a san 'yan'uwan da za su ba da jini, maigida kuma ya bar izini a gida ko ba ya nan a fita da ita. Wanda ya kamata ku ji tsoro shi ne ma'aikacin da bai taɓa cewa wannan ta fi ƙarfina ba, mai riƙe mara lafiya kwana da kwanaki yana ɗura masa ruwa leda bayan leda.

Sauran abubuwan ba sai na daɗe a kansu ba, ko da yake ba ƙanana ba ne. Ta wanke hannu tsakanin mutum da mutum. Allura sabuwa ta fasa a gabanka, ta jefa ta a akwatin da aka tanada bayan an gama, don allura ɗaya a jiki biyu hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Ta riƙe sirri, abin da ka faɗa mata a ɗaki kada ka ji shi a bakin rijiya. Ta yi maka bayani da harshen da kake ji, ta nemi yardarka kafin ta yi maka wani aiki. Kada ta bambanta ɗan sarki da ɗan talaka a layi, sai dai ta sa wanda ya fi jin jiki a gaba. Ta kuma rubuta kome a kati da babban littafi. Wannan rubutu da kuke gani kamar ɓata lokaci, shi ne ke nuna mata cewa yara biyar daga unguwa ɗaya sun zo da zawo cikin mako guda, ta tashi ta je ta dubi rijiyarsu, ta kuma aika wa hukuma labari tun abin bai zama annoba ba.

Kuma karatunta ba ya ƙarewa. Dattawa za su tuna zamanin da kulorakwin shi ne sarkin maganin zazzaɓi. Ƙwayar cutar ta saba da shi, ya daina aiki yadda ya kamata, har a 2005 Najeriya ta sauya shi da maganin haɗi na yanzu. Ma'aikacin da ya rufe littafi tun ranar da ya bar makaranta, har yau da tsohon ilmi zai riƙa yi muku aiki.

To, yaya ake zama irin wannan nas?

A Amurka hanyar doguwa ce. Yarinya ko yaro, don maza ma suna yi, sai ta gama sakandare ta shiga jami'a shekara 4 ta sami digirin aikin jinya. Ta ci jarrabawar ƙasa a ba ta lasisin nas. Yawanci takan yi 'yan shekaru tana aiki a asibiti, hannunta ya faɗa. Sa'an nan ta koma jami'a shekara 2 zuwa 4 neman babban digiri. A nan ake koya mata darussa uku da su ne ginshiƙin aikin, waɗanda muka riga muka bi ta kansu: yadda cuta ke aiki a jiki, da ilmin magunguna, da duba mara lafiya. Tilas kuma ta zaɓi irin mutanen da za ta ƙware a kansu, ko iyali gaba ɗaya, ko yara, ko jarirai sababbin haihuwa, ko mata, ko manya da tsofaffi, ko masu taɓin hankali. Ba a barinta da littafi kaɗai. Sai ta yi awa 500 ko fiye tana duba marasa lafiya na gaske a ƙarƙashin idon gwani, kuma a 2022 masu tsara karatun suka ce a ɗaga zuwa 750. Bayan wannan akwai wata jarrabawar, wadda takardar shaidarta galibi shekara 5 take yi a sabunta ta, bayan an nuna an ci gaba da karatu da aiki. In ka haɗa, daga sakandare zuwa ranar da za ta zauna ita kaɗai ta rubuta magani, shekara shida ce mafi ƙaranci, galibi ma ya fi haka.

A Najeriya ƙofa ta fari ita ce sakandare, kuma fannin kimiyya. Ana neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. Wannan ya sa nake roƙon iyaye su lura tun yarinya tana aji uku, lokacin da ake raba ɗalibai. In ta bar kimiyya a nan, komowa da wuya. Daga nan sai makarantar koyon aikin nas, shekara 3, ko da yake da yawa yanzu sun koma tsarin difloma ƙarama da babba, shekara 4. Ko kuwa jami'a, shekara 5. Kowace hanya aka bi, ƙarshenta jarrabawar Hukumar Nas da Ungozoma ta Najeriya ce, ita ke rubuta sunan mutum a rajista ta ba shi lasisi. Bayan an yi aiki, ana iya komawa ƙarin kwas na shekara ɗaya zuwa biyu, a ƙware a unguwarzoma, ko ido, ko yara, ko taɓin hankali, ko sa barci wajen tiyata, ko lafiyar jama'a. Akwai kuma gajeren kwas na shekara 2 na ungozomar karkara, wanda aka shirya musamman don 'yan ƙauye su koya su komo su yi wa garinsu aiki.

Malaman lafiya kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a ɗakunan shan magani na ƙauye, tasu makarantar dabam ce, da tasu hukumar rajista. Ƙaramin malami shekara 2 yake yi, babba 3. Suna aiki da wani littafin umurni da gwamnati ta tsara, wanda ya faɗi dalla-dalla: in ka ga alama kaza ka yi kaza, in ka ga kaza ka tura gaba. In kun ga malami ya buɗe wannan littafi a gabanku, kada ku ce bai iya ba. Ƙa'idar aikinsa ke nan. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin rarraba ayyuka, wanda ya ba nas da ungozoma da malaman lafiya izinin yin waɗansu ayyuka da a dā sai na sama da su, amma da sharaɗin a horar da su tukuna a kuma riƙa duba aikinsu.

Gargaɗi ɗaya ga mai shirin kai ɗiyarsa. Makarantu sun yi yawa, ba dukansu hukuma ta amince da su ba. Kafin ka sayar da sa ko buhun gero ka biya kuɗi, ka nemi wani ma'aikacin lafiya da ka yarda da shi ya duba maka ko sunan makarantar yana cikin jerin hukumar. In babu, yarinya za ta gama shekarunta ta fito da takardar da ba za a ba ta lasisi da ita ba. Haka nan zama a shagon magani ko asibitin kuɗi ana koyon soka allura, ko shekara goma aka yi, bai mai da mutum nas ba. Ka kuma dubi halin yarinyar. Aikin akwai kwanan zaune, akwai jini da ƙazanta, akwai ranar da za a yi iyakar ƙoƙari mutum ya cika a hannunta. Mai saurin fushi da mai sakin baki za su sha wuya, su kuma wahalar da mutane. Amma in tana da natsuwa da tausayi, kanta kuma yana ja, kada aure ya sa a cire ta, ana iya haɗa biyun, mata da yawa sun haɗa. Ku da kuke cewa ba ku son namiji ya duba matanku, macen da za ta duba su daga gidan wani za ta fito.

Ku kuma masu zuwa ɗakin shan magani, ba laifi ba ne ku tambayi ma'aikaci mene ne matsayinsa, nas ne ko ungozoma ko malamin lafiya. Mai lasisi ba ya jin nauyin faɗa. In za ku zo, ku taho da katinku da kwalaben magungunan da aka riga aka sha, ko da babu kome a ciki. In yaro ne, a zo da wadda ke rainonsa, don ita ta san ranar da ciwon ya fara. Kafin ku tashi daga gaban tebur ku tabbata kun san abu uku: sunan ciwon, yadda za a sha maganin, da alamar da in kun gani za ku komo ba tare da jiran ranar da aka sa muku ba. In ba ku gane ba, ku ce a maimaita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan awon ciki. A kwana lafiya.